Yadda ake horar da ɗaliban sakandare su haɗa jarida da hannunsu

A yawancin makarantunmu na sakandare akwai kulob ɗin 'yan jarida, amma in ka bincika za ka tarar aikinsa bai wuce guda ɗaya ba. Ranar Litinin ko Juma'a ɗalibai biyu su fito gaban asambili, su karanta labaran da suka kwaso daga rediyo ko Facebook, a tafa musu, a watse. Hakan yana koya wa yaro tsayuwa gaban jama'a, amma ba shi ne aikin jarida ba. Aikin jarida shi ne yaro ya fita da biro da littafi, ya tambayo, ya tabbatar, ya rubuta, wani ya gyara masa, a tsara a shafi, a buga, sannan mutanen da aka yi maganarsu a ciki su karanta a kan idonsa. Tsarin da ke tafe na mako shida ne, zama biyu a kowane mako bayan an tashi, kuma malami ɗaya zai iya jan ragamarsa har a fitar da jarida mai shafi huɗu. Sharaɗinsa guda ne, shi ne kuma ya fi wuyar cikawa: malami ba zai rubuta ko layi ɗaya a cikin jaridar ba.

Kafin a tara yara

Fara da ofishin shugaban makaranta, ku daddale abu uku: ranar da jarida za ta fito, aljihun da kuɗin bugu zai fito, da iyakar hannun da hukumar makaranta za ta sa a ciki. Na ukun nan shi ne ake jin nauyin faɗa, shi ne kuma ke kashe jaridun ɗalibai. Shugaba yana da haƙƙin ganin shafuka kafin a kai maɗaba'a, tunda shi za a tuhuma in wani abu ya taso. Amma ku amince tun yanzu cewa abin da zai sa a cire labari shi ne in ƙarya ne, ko cin mutuncin wani, ko zai jefa yaro cikin hatsari. Ba a cire labari don kawai ya ce famfon makaranta ya lalace. In ba a yi wannan magana da wuri ba, a ƙarshe za a samu shafi huɗu na hoton shugaba da saƙonnin godiya, yaran kuma su fahimci cewa jarida fadanci ce.

Zaɓi zangon farko ko na biyu. A zango na uku jarrabawar WAEC da ta NECO ke cinye azuzuwa da malamai, babu mai sauraronka. Saboda wannan dalili ne ma ya fi kyau a ɗauki 'yan SS1 da SS2, a ƙyale 'yan SS3 da karatunsu. Ka kuma duba kalanda, kada makon bugu ya faɗo a goman ƙarshe na azumi.

Yara goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. Kada ka tsaya ga waɗanda suka fi kowa cin Turanci. Nemi yarinyar da babu abin da ke faruwa a makaranta ba ta ji ba, da yaron da ya cika bayan littafinsa da zane, da mai gardamar nan da ba ya yarda da magana sai an kawo masa hujja. Wannan na ƙarshen, shi ne editanka na gobe.

Sai batun harshe. A ganina, a ƙalla rabin jaridar ya zama da Hausa, domin Baba mai gadi da masu dafa abinci da iyayen da za a kai wa ita gida su ma masu karatu ne. Wanda duk ya ce Hausa ba ta ɗaukar aikin jarida, a tuna masa cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya tun Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta, ta kuma kai wa mutane labarin Yaƙin Duniya na Biyu da harshensu.

Mako na farko: almakashi da rabon aiki

Kada ka buɗe da lacca. Zo da tsofaffin jaridu, Aminiya ko Daily Trust ko duk wadda ta samu, da almakashi da gam da kwali. Raba yaran gida huɗu, kowane gida ya yayyanka shafin farko, ya manna kowane yanki daban, ya rubuta sunansa a ƙasa: sunan jarida, kanun labari, sunan wakilin da ya rubuta, sakin layin farko, hoto, bayanin hoto, talla. Daga nan ka ba su shafukan ciki su ware labari daga sharhi, su ware sharhi daga wasiƙar mai karatu. A nan ne za ka ga yawancinsu ba su taɓa lura cewa waɗannan abubuwa ne mabambanta ba.

A zama na biyu a raba aiki: babban edita da mataimaki, editan labarai, editan wasanni, masu gyaran rubutu biyu, masu ɗaukar hoto biyu, masu tsara shafi biyu, mai zane, mai kula da talla da rabo. Sauran wakilai ne, kuma kowane mai muƙami shi ma sai ya kawo labari ɗaya. Su zaɓi sunan jaridarsu da ƙuri'a. A rubuta ranar fitowa da manyan haruffa a kwali, a manna a bango, a lissafo baya: ranar kai wa maɗaba'a, ranar rufe tsara shafi, ranar rufe karɓar labari. Ranakun nan ba sa motsi. Labarin da ya makara ya jira fitowa ta gaba, ko da na ɗan shugaban makaranta ne.

Mako na biyu: ina labarin yake?

Da ka tambayi yara me za su rubuta, za ka ji “muhimmancin ilimi” da “illar shaye-shaye” da “ladabi ga iyaye”. Waɗannan insha'i ne, an saba ba su maki a kansu, shi ya sa suke fara zuwa baki. Ka bi su da tambaya guda: wa za ka je ka tambaya? In babu wanda za a tambaya, babu labari.

Tura su zagayen makaranta na minti ashirin, bibbiyu, kowa ya dawo da abu uku da ya gani waɗanda yake son sanin dalilinsu. Nan take allo zai cika. Me ya sa aka kulle ɗakin gwaje-gwajen kimiyya tun zangon da ya wuce? Kujeru nawa ne a JS1, yara nawa ne ke zama a ƙasa? Wane gida ne ya ci wasannin gidaje bara, wa ke shirin ƙwace kofin bana? Littattafai nawa ne a laburare, yaushe aka kawo na ƙarshe? Shekara nawa Baba mai gadi ya yi a bakin ƙofar nan, shugabannin makaranta nawa ya gani? Nawa ake sayar da ƙosai a bakin get yanzu, nawa yake bara? Na ƙarshen nan labarin tsadar rayuwa ne sukutum, wanda kowane ɗalibi ya san shi a aljihunsa, kuma mai tuyar za ta yi musu bayanin kuɗin wake da na mai dalla-dalla in sun tambaye ta da ladabi.

Babban edita ne zai jagoranci taron zaɓen labarai, kai kana zaune a baya. Kowane labarin da aka amince da shi a rubuta shi a allo da sunan wakili, da mutanen da zai gani, da yawan kalmomi, da ranar miƙawa. Shafin A4 mai ginshiƙi uku da hoto ɗaya yana ɗaukar kalmomi kamar 500 zuwa 600, ke nan jaridar gaba ɗaya ba ta wuce labarai goma zuwa goma sha biyu masu kalmomi 150 zuwa 250 ba. A nemo fiye da haka da biyu ko uku, domin dole wasu su faɗi a hanya.

Mako na uku: hira da tabbatarwa

Yaron da aka rena a kan kada ya tsare babba da ido, yau an ce ya je ya tambayi mataimakin shugaban makaranta ina maganar gyaran famfo ta kwana. Wannan shi ne tsauni mafi tsayi a duk horon, don haka a gwada a aji tukuna. Kai ka zama malamin da ke sauri, ko mai amsa da “eh” da “a'a” kawai, ko mai kauce wa tambaya, su kuma su yi ta gwadawa har bakinsu ya saba. Ga irin buɗewar da ke aiki: “Malam, barka da hutawa. Ni wakiliyar jaridar makaranta ce, an ba ni labarin famfo. In da hali ina neman minti biyar, yanzu ko lokacin da ka ga ya dace.” Ladabi bai hana tambaya ba, tambaya kuma ba rashin kunya ba ce.

Kowa ya rubuta tambayoyi biyar kafin ya tafi, waɗanda ba a amsa su da kalma ɗaya. Ya fara da neman cikakken suna da muƙami, ya nuna wa mai sunan ya duba rubutun. Akwai Muhammad da Mohammed da Muhammadu, akwai A'isha da Aisha, kuma mutum yakan yafe maka komai ban da ɓata masa suna a takarda. In za a naɗi murya a waya, a nemi izini. In an faɗi maganar da za a sa cikin alamar zance, wakili ya maimaita ta: “Baba, ka ce kaza da kaza, haka ne?” Kafin ya tashi ya tambaya ko akwai abin da bai taɓo ba. Sau da yawa a nan ne labarin yake fitowa.

Sai ƙa'idar da ba a sassautawa: duk abin da za a iya ƙirgawa, a je a ƙirga, duk abin da za a iya gani, a je a gani. “An ce” ba majiya ba ce. In ɗalibai sun koka kan abinci, sai an ji daga mai kula da ɗakin girki. In an nemi mutum ya ƙi magana, a rubuta cewa an neme shi ranar kaza bai ce komai ba, ba tare da an yi masa fassara ba. Yara su fita hira bibbiyu, a cikin harabar makaranta ko bakin ƙofarta, da rana, kuma kai ka san inda kowa ya nufa.

Akwai abubuwan da jaridar ɗalibai ba ta taɓawa. Ba a buga sunan yaron da aka hukunta, ko wanda ya faɗi jarrabawa, ko wanda aka kora saboda kuɗin makaranta. Ba a buga jita-jitar soyayya, ko da da sunan barkwanci. A bar siyasar jam'iyya da saɓanin addini a waje. In wakili ya ci karo da maganar cin zarafin wani yaro, wannan ba na shafi ba ne. Ya kawo maka kai tsaye, kai kuma ka kai inda ya dace.

Mako na huɗu: rubutu da gyara

Rubuta tambayoyi shida a allo: wa, me, ina, yaushe, me ya sa, ta yaya. Sakin layin farko ya amsa mafi yawansu a jimla ɗaya ko biyu. Abu mafi muhimmanci a sama, mai bi masa a ƙasa, har zuwa wanda in an yanke shi ba a yi asara ba. 'Yan jarida na kiran wannan tsari dala a kife, dalilinsa kuma na aiki ne: in labari ya fi gurbinsa tsawo, daga ƙasa ake datsewa.

Abin da yaro zai fara kawo maka zai yi kama da wannan: “Kamar yadda kowa ya sani, ruwa abokin aiki ne, kuma babu wanda zai iya rayuwa sai da shi.” Kada ka gyara masa. Tambaye shi: in ka shiga gida da gudu za ka faɗa wa Inna abin da ya faru, da me za ka fara? Zai ce, “Famfon makarantarmu ya lalace mako uku ke nan, sai rijiyar masallaci muke zuwa ɗibar ruwa.” Ka ce masa ya rubuta hakan, ya ƙara wanda ya tabbatar masa da mako ukun, da abin da hukumar makaranta ta ce game da gyara. Labari ya samu.

A cire duk “abin takaici” da “abin farin ciki” da “haziƙin shugabanmu” daga cikin labari. Mai ra'ayi yana da wurinsa a shafi na biyu, da sunansa a ƙasa. Kanun labari kuma ya zama gajeriyar jimla mai aikatau a ciki. “Matsalar ruwa” ba ta faɗi komai ba. “Famfo ya lalace, ɗalibai sun koma rijiya” ta faɗa.

Kowane labari ya bi ta hannu uku: editan sashe ya duba ko akwai ramin da ba a cike ba, mai gyaran rubutu ya duba harshe, babban edita ya sa hannu. Masu gyaran Hausa su riƙe ƙa'idojin rubutu da kyau. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba ado ba ne, barin su yana juya ma'ana. A haɗe “yana” da “suna” da “muna”, a raba “ya ce” da “za su” da “ba ya”. Hanya mafi sauƙi ta kama kuskure ita ce wani ya karanta labarin da ƙarfi, mai shi yana saurare. Inda mai karatu ya yi tuntuɓe, a nan gyara yake.

Kai kuma malam, jan biro ɗinka ya tsaya a gefen takarda. Rubuta tambaya: wa ya faɗi wannan? ka ƙirga? me ɗaya ɓangaren ya ce? Da zarar ka sake gina wa yaro jimla, ta zama taka, shi ma ya sani.

Hoto ba ya buƙatar dogon darasi. Waya ɗaya mai kyamara ta isa. A matsa kusa, rana ta kasance a bayan mai ɗauka, a ɗauki mutane suna cikin aiki maimakon a jera su kamar hoton biki. A nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta fito, wanda ya ƙi a ƙyale shi. Kowane hoto da bayaninsa: su wane ne daga hagu zuwa dama, me suke yi, wa ya ɗauka.

Mako na biyar: tsara shafi

Kafin a kunna kwamfuta, a ɗauki farar takarda A3 a ninka biyu. Ga jaridarku nan, shafi huɗu masu girman A4. A ja layin ginshiƙai da fensir, a zana akwatin kowane labari da kowane hoto. Shafin farko ya ɗauki sunan jarida, babban labari da hotonsa, da ƙananan labarai biyu. Na biyu ra'ayin jarida da wasiƙu da zanen barkwanci. Na uku hira da sauran labarai. Na huɗu wasanni da talla. Gardamar wane labari ne zai hau gaba, bar su su yi ta. Rabin darasin aikin edita a cikinta yake.

Yanzu a buɗe takardar a shimfiɗe a duba lambobin. A fuska ɗaya shafi na 4 ne a hagu, na 1 a dama. A ɗaya fuskar na 2 a hagu, na 3 a dama. Haka za a jera su a kwamfuta. In jaridar ta girma zuwa shafi takwas, takarda biyu ke nan: ta waje 8 da 1, bayanta 2 da 7; ta ciki 6 da 3, bayanta 4 da 5. Wanda ya jera 1 da 2 gefe da gefe zai gane kurensa ne bayan an buga an ninka.

Manhajar da aka fi samu a shagunan buga takardu ita ce CorelDraw, don haka in akwai wanda ya iya ta, aiki ya zo da sauƙi. Scribus kyauta ce kuma don irin wannan aiki aka yi ta. Canva tana yi a waya in akwai data. Ko Microsoft Word ma tana raba shafi ginshiƙi uku. Salon haruffa biyu ya isa, ɗaya na kanu, ɗaya na jikin labari mai girman 10 ko 11. Tun a ranar farko a gwada rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu a salon da aka zaɓa, domin wasu salon ba su da su, sai ka ga ɗan akwati ya fito a madadin harafi. Charis SIL da Noto suna ɗauke da su, kuma kyauta ne. A waya, Gboard yana da allon rubutun Hausa. In an gama a mai da aikin PDF. Mai aiki da CorelDraw ya ajiye kwafi ɗaya a gefe, sannan ya zaɓi dukkan rubutu ya danna Ctrl da Q ya mai da shi zane, ta yadda kwamfutar maɗaba'a ba za ta canza masa haruffa ba.

A fitar da kwafin gwaji ɗaya a takarda, a baza a tebur, mutum uku su bi shi da biro. Ɗaya sunaye da lambobi kawai zai duba, ɗaya kanu da bayanan hoto, ɗaya jikin labarai. Manyan kurakurai a kanun labari suke ɓuya, saboda kowa yana ɗauka wani ya riga ya duba. Wannan kwafin ne za a kai wa shugaban makaranta.

Mako na shida: bugu da rabo

Rim ɗaya na A3 takarda 500 ne, wato kwafi 500 in ba a cire waɗanda za su lalace ba. In kwafi ɗari ko ƙasa da haka kuke so, injin hotokwafi mai ɗaukar A3 ya wadatar. In sun kai ɗaruruwa, a nemi mai injin Riso (injin buga kwafi da yawa cikin sauri) ko ƙaramar maɗaba'a, domin a can kuɗin kowane kwafi yana sauka in adadi ya hau. Baƙi da fari ya isa. Mai kula da talla ya zagaya wuri uku ya jiyo farashi, ya raba jimillar da yawan kwafi, ya gabatar wa taro. Ƙananan tallace-tallace daga mai shagon littattafai ko telan da ke ɗinka yunifom suna rage nauyi, ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai ta cike saura. Kowace naira a rubuta ta a littafi, da rasit.

In da hali, tafi da yara huɗu ko biyar maɗaba'ar su ga fitowar takardar farko, su duba ta kafin a saki injin. Ninkewa kuwa a dawo da ita makaranta, kowa ya sa hannu.

Inda babu kuɗin bugu sam, ba a fasa ba. A bi duk matakan nan, a fitar da kwafi biyu ko uku, ko a rubuta da hannu mai kyau a kan kwali, a manna a allon sanarwa a rufe da farar leda saboda ruwa da ƙura. Jaridar bango ita ma jarida ce, muddin ta fito ranar da aka ce.

Ranar rabo a fara da waɗanda aka yi hira da su, wakilin da ya rubuta labarin shi zai kai da hannunsa. Sai azuzuwa, da ɗakin malamai, da kwafi biyar na laburare waɗanda ba a taɓawa. Kashegari a yi zaman ƙarshe, jarida a gaban kowa, a bi ta shafi-shafi: me aka fi karantawa, wa ya zo da ƙorafi, ƙorafin nasa yana da tushe? In an yi kuskure, a rubuta gyaran a lokacin, a ajiye masa ɗan akwati a shafi na biyu na fitowa ta gaba. Daga nan 'yan SS2 su zaɓi mataimakansu daga cikin 'yan SS1, a haɗa musu fayil ɗin shafukan da littafin kuɗi da lambar mai maɗaba'a, a rubuta sabuwar ranar fitowa a kwali kafin kowa ya ɗauki jakarsa.